Izinin Wa Aka Nema? Muhawarar Amurka a Kan Sirrin Jama'a, Sa-idon Hukuma da Kuɗin Binciken Ƙwayoyin Tushe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wasu muhawarori guda uku waɗanda suka daɗe suna ɗaukar hankalin mutanen Amurka, har suka tsallaka zuwa ƙasashen Turai. Ta farko ita ce muhawara a kan sa-idon da hukuma take yi wa jama'a da sunan tsaro. Ta biyu ita ce muhawara a kan sirrin mutane a intanet. Ta uku kuwa ita ce muhawara a kan ko ya dace a kashe kuɗin gwamnati wajen binciken ƙwayoyin tushe da ake cirowa daga ɗan tayi. Wanda duk ya ji waɗannan batutuwa a jere yana iya cewa me ya haɗa kifi da kaska, tun da biyu na farko sha'anin waya ne da kwamfuta, na ukun kuma sha'anin likitanci ne.

Abin da muke son nunawa shi ne, tambaya ɗaya ce ke kwance a ƙarƙashin dukkansu, watau izinin wa aka nema, kuma ta wace hanya aka neme shi. Za mu bi tarihin kowace muhawara a taƙaice, mu kawo hujjojin ɓangarorin da suke jayayya, sa'an nan mu duba irin shawarar da ta ɗore da irin wadda ta rushe. Mun zaɓi mu tsaya a kan Amurka ne saboda a can aka fi yin wannan jayayya a fili, kuma a can ne mafi yawan manyan kamfanonin intanet suke.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu fayyace kalmomi uku da za su yi ta maimaituwa.

Idan muka ce sirri, muna nufin ikon da mutum yake da shi na zaɓar wanda zai san al'amuransa da wanda ba zai sani ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ba ya wucewa cikin gida sai an yi masa iso, ko da kuwa babu wani abin kunya da ake yi a ciki. Saboda haka neman sirri bai zama alamar rashin gaskiya ba.

Idan muka ce sa-ido, muna nufin tattara bayanan mutane ba da saninsu ba. Bayanan iri biyu ne. Akwai abin da saƙo ya ƙunsa, kamar maganar da aka yi a waya, akwai kuma abin da za mu kira bayanan bayan ambulan, watau wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, daga ina, kuma minti nawa suka yi.

Ƙwayoyin tushe kuwa su ne ƙwayoyin jiki waɗanda ba su riga sun rarrabe ba, suna iya hayayyafa, suna kuma iya rikiɗa su zama wani nau'in ƙwaya. Akwai na jikin baligi, kamar waɗanda suke cikin ɓargo suna samar da jini. Akwai kuma na ɗan tayi mai kwana biyar ko shida, waɗanda suke iya zama kowane irin ƙwaya na jiki. A kan waɗannan na biyu ne ake rigima, domin ba a samun su sai an lalata ɗan tayin.

3.0 Sa-idon Hukuma

3.1 Tushen doka

Gyara na huɗu na tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana hukuma binciken mutum ko gidansa ko takardunsa ba bisa dalili ba, ya kuma shar'anta cewa alƙali ba zai ba da waranti ba sai da ƙwaƙƙwaran zato. Waɗanda suka rubuta shi ba su san waya ba, don haka aka bar wa kotuna aikin fassara. A 1928 Kotun Ƙoli ta ce sauraren waya a ɓoye ba bincike ba ne, tun da ba a shiga gidan kowa ba. A 1967, a shari'ar Katz, ta warware wannan hukunci, ta ce mutum dokar take karewa, ko a ina yake. Amma a 1979, a shari'ar Smith, sai ta ce lambobin da mutum ya buga ba sirri ba ne, domin shi da kansa ya miƙa su ga kamfanin waya. Ma'ana, kotu ta ɗauka cewa wanda ya ba kamfani bayaninsa ya riga ya ba da izini. A kan wannan zato aka gina mafi yawan abin da ya biyo baya.

3.2 Daga kwamitin Church zuwa Snowden

A 1975 Majalisar Dattawa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata Frank Church don ya binciki hukumomin leƙen asiri. Kwamitin ya gano cewa hukumar FBI ta yi shekaru tana bibiyar Martin Luther King da nufin ɓata masa suna, kuma Hukumar Tsaron Ƙasa, wadda aka fi sani da NSA, ta yi shekaru tana karɓar kwafin telegiram ɗin da suke shiga ƙasar da masu fita. Sakamakon haka aka yi dokar FISA a 1978, wadda ta kafa wata kotu ta musamman mai zama a asirce, inda hukuma za ta riƙa neman izini kafin ta saurari wanda take zargi da yi wa wata ƙasa aiki.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya sauya lissafi. A ranar 26 ga Oktoba, bayan kwana 45 kacal, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar da aka sa wa suna PATRIOT. A Majalisar Dattawa mutum 98 suka amince da ita, Sanata Russ Feingold kaɗai ya ƙi. Sashe na 215 na dokar ya ba hukuma damar neman duk wasu bayanan da suka shafi binciken ta'addanci. Ban da wannan, shugaban ya ba NSA umarni a asirce ta riƙa sauraren wasu kiraye-kirayen ƙasa da ƙasa ba tare da waranti ba, abin da jaridar New York Times ta fallasa a Disamba 2005. A 2008 majalisa ta halatta wani ɓangare na wannan aiki da abin da ake kira sashe na 702.

A watan Maris 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi shugaban hukumomin leƙen asiri, James Clapper, a bainar jama'a, ko NSA tana tattara bayanan miliyoyin Amurkawa. Clapper ya amsa da cewa ba ta yi, aƙalla dai ba da gangan ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ranar 5 ga Yuni jaridar Guardian ta buga wani umarni na kotun asiri, wanda Edward Snowden ya fitar, da yake tilasta wa kamfanin Verizon ya riƙa miƙa bayanan kiran dukkan abokan cinikinsa kullum. Ashe an fassara sashe na 215 a ɓoye, an ce bayanan kowa da kowa sun shafi binciken ta'addanci. Kashegari kuma aka bayyana shirin PRISM, wanda ta hanyarsa ake karɓar saƙonni daga kamfanoni irin su Google da Facebook da Microsoft da Apple.

3.3 Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan shirin sun ce ba a sauraren maganar kowa, bayanan bayan ambulan kawai ake ajiyewa, kuma alƙalai da wasu 'yan majalisa sun san da shi, don haka wakilan jama'a sun ba da izini. Masu suka suka ce bayanan bayan ambulan sun isa su tona asirin mutum, domin wanda ya kira likita da tsakar dare, ya kira lauya da safe, sa'an nan ya kira 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, ba sai an ji muryarsa ba kafin a san halin da yake ciki. Suka ƙara da cewa dokar da jama'a suka karanta daban, fassarar da hukuma take aiki da ita daban, kuma ba a cewa mutum ya yarda da abin da aka ɓoye masa.

A Janairu 2014 hukumar da aka kafa don kula da 'yancin jama'a a harkar yaƙi da ta'addanci ta ba da rahoto cewa ba ta ga bincike ko ɗaya da wannan shiri ya sauya sakamakonsa ba. A Mayu 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya wuce abin da sashe na 215 ya halatta, a Yuni kuma majalisa ta yi dokar da ta hana tattara bayanan kiran kowa da kowa. Ɗan guntun shirin da ya rage, NSA ta dakatar da shi a 2019. Ita ma Kotun Ƙoli ta fara ja da baya daga hukuncinta na 1979. A shari'ar Carpenter ta 2018, inda hukuma ta karɓi bayanan wuraren da wayar wani mutum ta zaga na kwana 127, alƙalai biyar cikin tara suka ce irin wannan sai da waranti, domin riƙe wayar salula ya zama tilas ga rayuwar zamani, ba a kiran sa ba da izini.

3.4 Waɗanda ba a tambaya ba

Sashe na 702 bai rushe ba a wancan lokaci, kuma a nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. Sashen ya ba da damar tattara saƙonnin mutanen da ba Amurkawa ba, waɗanda suke zaune a wajen ƙasar, ba tare da warantin mutum ɗaya ɗaya ba. Gwamnati ta ce da shi aka bankaɗo shirin Najibullah Zazi na kai hari a jiragen ƙarƙashin ƙasa na New York a 2009, kuma hukumar da ta soki sashe na 215 ta yarda cewa wannan yana da amfani. To amma saƙonnin Amurkawa sukan faɗa cikin komar, kuma wani hukuncin kotun asiri da aka saki a 2023 ya nuna cewa FBI ta yi bincike fiye da sau 278,000 a cikin rumbun ba bisa ƙa'ida ba. A Afrilu 2024 aka kawo gyaran da zai wajabta waranti kafin a duba saƙon Ba'amurke, ƙuri'a ta yi kunnen doki a Majalisar Wakilai, 212 da 212, gyaran ya faɗi, aka sabunta sashen na shekara biyu.

Abin lura shi ne, gaba ɗayan wannan jayayya a kan haƙƙin Ba'amurke aka yi ta. Malamin da yake Kano ko Damagaram ko Kumasi, wanda wasiƙunsa suke ajiye a rumbun wani kamfanin Amurka, yana cikin rukunin da sashen ya halatta a sa wa ido, ba shi kuma da wakili a majalisar da ta yanke shawarar. Sashe na 37 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya kare sirrin gidaje da wasiƙu da maganar waya, an kuma yi dokar kare bayanai a Yuni 2023, amma babu ɗayansu da yake ɗaure hannun hukumomin wata ƙasa.

4.0 Kamfanoni da Sirri a Intanet

Muhawara ta biyu ta bambanta da ta farko ta fuska ɗaya, watau a nan ana neman izini a fili. Duk wanda ya buɗe sabon shafi ko ya sauke manhaja, akan nuna masa dogon rubutu na sharuɗɗa, ya danna alamar yarda. Tambayar ita ce ko wannan dannawa ta cancanci a kira ta izini, alhali rubutun da harshen lauyoyi aka yi shi, kuma wanda ya ƙi dannawa an rufe masa ƙofa ke nan.

Badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018 ta nuna raunin wannan tsari. Wasu 'yan dubban ɗaruruwan mutane sun amsa tambayoyin wata manhaja a Facebook, manhajar kuma ta kwashi bayanansu har da na abokansu waɗanda ba su taɓa ganin ta ba. Facebook ya ce adadin waɗanda abin ya shafa yana iya kai miliyan 87, kuma an yi amfani da bayanan wajen tallan siyasa. A 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala biliyan 5. Darasin da ke nan shi ne, yardar mutum ɗaya ta zama mabuɗin sirrin ɗaruruwan mutane.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi wata hanya. Bayan shekara huɗu ana tattaunawa a majalisunsu, suka zartar da babbar dokar kare bayanai a 2016, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018. Dokar ta ce izini ba ya inganta sai an ba da shi da son rai, a kan abu takamaimai, bayan an fahimci abin da ake nema, kuma mai shi yana iya janye shi. Tarar saɓa mata tana iya kai kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya baki ɗaya. Amurka kuwa, har shekarar 2024 ta ƙare ba ta yi irin wannan doka a matakin tarayya ba, sai dai wasu jihohi, waɗanda Kalifoniya ta yi musu jagora a 2018.

Bugu da ƙari, muhawarar nan ba ta rabuwa da ta farko, domin abin da kamfani ya tara yana iya komawa hannun hukuma. Wannan ne dalilin da ya sa wani ɗan ƙasar Ostiriya, Max Schrems, ya kai ƙara, kotun Tarayyar Turai kuma ta soke yarjejeniyar tura bayanan Turawa zuwa Amurka har sau biyu, a 2015 da 2020, tana mai cewa dokokin sa-idon Amurka ba su ba baƙo kariya isasshiya ba. A 2023 aka ci kamfanin Meta tarar yuro biliyan 1.2 a kan wannan batu. A shekarar ce kuma ofishin shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka ya saki rahoton da ya amsa cewa hukumomin suna sayen ɗimbin bayanai daga dillalai. Abin da doka ta ce sai da waranti, ga shi ana samun sa a kasuwa da kuɗi.

5.0 Kuɗin Binciken Ƙwayoyin Tushe

5.1 Asalin rigimar

Tun da aka haifi jaririya ta farko ta hanyar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, a Ingila a 1978, asibitocin haihuwa suka fara tara ragowar 'yan tayi a daskare. A Nuwamba 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya ba da sanarwar cewa ya ciro ƙwayoyin tushe daga irin waɗannan 'yan tayi, ya kuma raya su suna hayayyafa. Da kuɗin wani kamfani ya yi aikin, domin tun 1996 majalisa take maƙala wani sharaɗi a kasafin kuɗi kowace shekara, wanda ake kira gyaran Dickey da Wicker, da ya hana kashe kuɗin tarayya a binciken da ake lalata ɗan tayi a cikinsa.

Ya kamata mu lura cewa gwamnatin tarayya ba ta haramta binciken kansa ba. Rigimar a kan kuɗin haraji ce. Cocin Katolika da yawancin masu adawa da zubar da ciki sun ce ɗan tayi rai ne tun ranar farko, ba shi da bakin da zai yarda ko ya ƙi, kuma bai kamata a tilasta wa mai biyan haraji ya sa hannu a abin da yake ganin kisa ne ba. Masu goyon baya, waɗanda suka haɗa da Nancy Reagan da Sanata Orrin Hatch, shi kansa mai adawa da zubar da ciki, sun ce 'yan tayin nan zubar da su za a yi ko ta yaya, iyayensu sun yarda a yi bincike da su, ga kuma masu ciwon sukari da cutar karkarwa da shanyewar laka suna jiran magani.

5.2 Hukunci da alƙalamin mutum ɗaya

A ranar 9 ga Agusta 2001 Shugaba Bush ya yi jawabi daga gonarsa a Texas, ya ce gwamnati za ta ba da kuɗi ga jerin ƙwayoyin da aka riga aka samar kafin wannan rana kaɗai. Ya ce sun fi 60, amma daga baya aka ga kusan 21 ne kawai masu bincike suke iya samu. Jami'o'i suka shiga raba ɗakunan gwaji, don kada a taɓa sababbin ƙwayoyi da kayan aikin da aka saya da kuɗin tarayya. A 2004 mutanen Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, suka amince jiharsu ta ci bashin dala biliyan 3 don wannan bincike, suka kuma ƙara biliyan 5.5 a 2020. Majalisar tarayya ta zartar da dokar sassauci sau biyu, a 2006 da 2007, duka biyun shugaban ya hau kujerar na-ƙi.

A ranar 9 ga Maris 2009 Shugaba Barack Obama ya soke ƙa'idar Bush da nasa umarnin. A Agusta 2010 wani alƙalin tarayya, Royce Lamberth, ya dakatar da ba da kuɗin, yana cewa ya saɓa wa gyaran Dickey da Wicker. Kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncinsa, shari'ar kuma ba ta mutu ba sai a Janairu 2013 da Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ta. Cikin shekara 12, ke nan, mai bincike ya ga ƙa'ida ta juya sau da dama, ba tare da majalisa ta taɓa kafa tsayayyar doka ba. Abin da wani shugaba ya rubuta, wani yana iya gogewa.

A Ingila kuwa, gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock, malamar falsafa, ya karɓi ra'ayoyin likitoci da shugabannin addini da sauran jama'a, ya ba da rahoto a 1984. Ya ba da shawarar a yarda da bincike har zuwa kwana 14, bisa lasisi da rubutaccen izinin masu ƙwai da maniyyi. Majalisa ta mai da shi doka a 1990, kuma iyakar kwana 14 ta yi fiye da shekara 30 gwamnatoci suna sauyawa ba ta sauya ba. Jamus ta ɗauki matsayi mai tsanani, ta hana samar da irin waɗannan ƙwayoyi a cikin ƙasarta da dokar 1990, ta kuma yarda a 2002 a shigo da waɗanda aka riga aka samar a waje bisa sharuɗɗa. Matsayin ƙasashen biyu ya saɓa, amma kowannensu a zauren majalisa aka tsai da shi, shi ya sa ya zauna.

5.3 Abin da kimiyya ta sauya

A 2006 Shinya Yamanaka na ƙasar Japan ya nuna cewa ana iya mai da ƙwayar fatar ɓera ta koma ƙwayar tushe ta hanyar sa mata ƙwayoyin gado guda huɗu, a 2007 kuma aka yi haka da ƙwayar mutum. Wannan ya rage zafin rigimar, ya kuma ba shi kyautar Nobel a 2012. Har wa yau, yana da kyau mu tuna cewa maganin da ya fi daɗewa yana ceton rai a wannan fanni, watau dashen ɓargo, daga ƙwayoyin baligi yake. Haka nan maganin sikila da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, da ƙwayoyin tushen jinin majiyyacin kansa ake yin sa, bayan an gyara ƙwayoyin gadonsu. Kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu wannan cuta a duniya. Wannan ya nuna cewa tambayar wa zai biya kuɗin bincike tana tafe da wata, watau wa zai iya sayen abin da binciken ya haifar.

6.0 Inda Zaren Ya Haɗu

Akwai wani labari da ya tara batun sirri da batun ƙwayoyin jiki wuri ɗaya. A 1951 wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks ta je asibitin Johns Hopkins a Baltimore da ciwon dajin bakin mahaifa. Aka yanki wani ɗan ɓangare na ƙarin aka ba masu bincike, ba tare da an tambaye ta ba, kamar yadda aka saba a wancan zamani. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyin, waɗanda aka sa wa suna HeLa, suka ci gaba da hayayyafa, aka yi amfani da su wajen gwajin rigakafin shan-inna da dubban bincike. Iyalinta ba su sani ba sai bayan fiye da shekara 20. Waɗannan ƙwayoyin daji ne, ba na tushe ba, amma matsalar izinin iri ɗaya ce.

A Maris 2013, wata uku kafin fallasar Snowden, wasu masana a Jamus suka wallafa cikakken bayanin gadon ƙwayoyin a intanet, a wannan karon ma ba a tambayi kowa ba. Bayanin gado kuwa ba na mutum ɗaya ba ne, yana tona wani abu game da lafiyar 'ya'ya da jikoki. Da iyalin suka koka, aka janye bayanin, a Agusta kuma hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ƙulla yarjejeniya da su, cewa mai son ganin sa sai ya nemi izinin wani kwamiti wanda mutum biyu daga cikin iyalin suke zaune a ciki. Binciken bai tsaya ba saboda wannan sharaɗi.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa uku. Na farko, izinin da aka ƙaddara cewa an bayar, kamar na mai buga waya a hukuncin 1979 ko na mai danna alamar yarda, yana rasa ƙimarsa idan mutum ba shi da wata hanya ko bai san abin da ya yarda da shi ba. Na biyu, shawarar da aka yanke a asirce ko da alƙalamin mutum ɗaya ba ta daɗewa, kamar yadda fassarar sashe na 215 ta rushe cikin shekara biyu da bayyanarta, ƙa'idar Bush kuma ta tafi da tafiyarsa, alhali dokar Ingila ta 1990 ta jure sauyin gwamnatoci. Na uku, a kowace muhawara akwai wanda abin ya shafa amma ba ya wurin da ake yanke shawara, watau baƙo a sashe na 702, da aboki a badaƙalar Cambridge Analytica, da jikoki a sha'anin HeLa, da kuma ɗan tayi a ganin waɗanda suke ɗaukar sa a matsayin rai.

Ba mu ce neman izini a fili zai kawar da saɓani ba, domin Ingila da Jamus sun yi muhawara a fili, suka kuma ƙare a matsayi mabambanta. Abin da muka ce shi ne, wanda aka kayar a muhawarar fili ya san yadda aka kayar da shi, ya kuma san inda zai koma ya sake gwadawa. Jami'o'inmu suna tattara bayanan ɗalibai, asibitocin koyarwa suna ɗibar jini da tsoka don bincike, mu kanmu muna naɗar muryoyin mutane a ƙauyuka don nazarin harshe da adabi. Muna ganin ya dace mahalarta wannan taro su tattauna irin bayanin da muke yi wa waɗannan mutane, da harshen da muke yin sa, da kuma abin da za mu yi idan ɗayansu ya dawo ya ce ya janye yardarsa.